Tsarin unguwanni da gidaje a birnin Bauchi

Birnin Bauchi, hedkwatar Jihar Bauchi, ya ginu ne hawa uku: tsohon gari da ke cikin ganuwa, unguwannin da aka yanka a zamanin Turawa da bayan samun jiha, sai kuma sabbin matsugunan bakin gari da suka tashi ba tare da taswirar hukuma ba. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Bauchi tana da mutane fiye da 490,000.

Cikin ganuwa

Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin, akasari ana cewa wajajen 1809, bayan ya zauna a Inkil. Ya zaɓi fili da duwatsu suka kewaye, ciki har da Dutsen Warinje, abin da ya sauƙaƙa tsaro. A bakin masu ba da tarihi, sunan garin ya samo asali daga wani maharbi, Baushe, wanda ya nuna wurin.

An zagaye garin da ganuwar ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 10. Ƙofofinta ne suka yanke wa garin fasali, domin kowace tana fuskantar hanyar wani gari ko yanki, kuma daga ita hanya take miƙewa zuwa fada. Cikinsu akwai Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Jahun, Ƙofar Wase, Ƙofar Dumi da Ƙofar Tirwun. Mafi yawan ganuwar ta zube ko gine-gine sun cinye ta, amma har yau da sunayen ƙofofin ake yi wa baƙo kwatance.

A tsakiya fadar sarki take, ga babban masallaci kusa da ita, ga fili a gabansu inda ake hawan salla. Unguwanni sun taru ne bisa zuri'a, sarauta ko sana'a, shi ya sa sunan unguwa kan faɗi tarihinta, kamar Karofi da ke tuna da marina. Mai unguwa ne ke sanin wanda ya sauka da wanda ya tashi, shi ke shaidar cinikin gida da rabon gado.

Gidan gargajiya da tubali da azara ake gina shi. Zaure ne ke fuskantar hanya, nan maigida yake karɓar baƙi, wani lokaci nan almajirai suke karatu. Daga shi sai shigifa, sannan tsakar gida da ɗakunan mata, inda idon mai wucewa ba ya kaiwa. Idan ɗa ya yi aure akan yanka masa sashe a cikin gidan, haka gida ɗaya yake zama gandu mai ɗauke da iyalai da yawa. Lungunan da ke tsakanin gidaje ƙunci gare su da lanƙwasa, don an yi su ne saboda mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Motar kashe gobara kam ba ta cikin lissafin maginan wancan zamani.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902. Ba su taɓa tsarin cikin gari sosai ba, sai suka yi nasu mazauni a waje, wato GRA, mai manyan filaye da itatuwa da tituna miƙaƙƙu. Baƙi 'yan kasuwa da ma'aikata, musamman daga kudu, suka fi zama a Bayan Gari. Isowar layin dogo a farkon shekarun 1960 ta haifar da unguwa a kewayen tasha.

Bayan 1976

A shekarun 1970 kamfanin Max Lock ya yi nazari da taswirar bunƙasa manyan garuruwan tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, har da Bauchi. Da garin ya zama hedkwatar jiha a 1976, ma'aikata suka kwararo, aka gina sakatariya da rukunin gidaje irin su Federal Low Cost, daga baya Tambari da Ibrahim Baƙo. Dokar filaye ta 1978 ta mayar da ikon filayen birni hannun gwamna, kuma daga gare shi takardar shaidar mallaka take fitowa.

Makarantu ma sun ja gari zuwa gefensu. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980, ta cika Yelwa da gidajen haya, kamar yadda kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta yi wa Gwallameji, inda ɗaki ɗaya ko ciki da falo ya maye gurbin zaure da shigifa.

Halin yanzu

Garin yana faɗaɗa ta hanyoyin Jos, Ningi, Gombe da Dass. Da yawan sabbin unguwannin awon igiya ne: mai gona ya yanka fegi-fegi ya sayar, a yi gini da bulo da kwano kafin titi da magudanar ruwa su iso. Ruwan famfo daga madatsar Gubi yake zuwa, inda bai kai ba kuma sai rijiyar burtsatse da 'yan garuwa.

Faɗaɗa tituna a tsakiyar gari ya jawo rushe gidaje da shaguna, kuma ana saɓani kan diyya da kan abin da ya kamata a bari na tsohon gini.