Dokar zaɓen 1918 da yadda ta juya siyasar Birtaniya

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba kowa ke jefa ƙuri'a a Birtaniya ba. Mata ba sa zaɓen 'yan majalisar ƙasa ko kaɗan. A cikin maza ma, kusan huɗu cikin goma ba su da ƙuri'a, domin sai mai gida ko mai biyan haya mai ɗan kauri, kuma sai ya shekara guda cur a wuri ɗaya. Wannan sharaɗi na shekara guda shi ya fara tayar da ƙura. Miliyoyin maza sun bar gidajensu suna cikin ramukan yaƙi a Faransa da Beljiyam, sunayen da yawa daga cikinsu sun fita daga rajista. Da an yi zaɓe a haka, wanda ya je ya tari harsashi ba zai jefa ƙuri'a ba, wanda ya zauna a gida shi zai jefa. Babu ɗan siyasar da zai iya kare wannan a bainar jama'a.

A 1916 aka haɗa 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban ƙarƙashin kakakin majalisa James Lowther. Shawarwarinsu ne suka zama Dokar Wakilcin Jama'a, wadda sarki ya amince da ita ranar 6 ga Fabrairun 1918.

Dokar ta ce duk namijin da ya kai shekara 21, kuma ya yi wata shida a mazaɓa, yana da ƙuri'a, ko yana da dukiya ko ba shi da ko sisi. Sojan da ya yi yaƙi an sassauta masa zuwa shekara 19. Waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙida kuwa, aka hana su zaɓe na shekara biyar, sai wanda ya yi wani aikin ƙasa a madadin yaƙi.

Mata an ba su da hannun dama, an ɗan janye da hagu. Sai wadda ta kai shekara 30, kuma tana da gida, ko tana auren mai gida, ko ta yi digiri a jami'a. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yaƙi ya ci maza da yawa, ana tsoron mata su fi maza yawa a rajista. Abin takaicin shi ne 'yan matan da suka yi ta ɗura albarushi a masana'antun makamai, har sinadarin ya mayar da fatarsu rawaya, yawancinsu ba su kai talatin ba. Sai a 1928 aka daidaita mata da maza. Duk da haka a 1918 mata kimanin miliyan 8.4 suka samu ƙuri'a, jimillar masu zaɓe ta tashi daga miliyan 7.7 zuwa sama da miliyan 21.

Akwai ƙananan tanade-tanade da suka yi tasiri. Zaɓe ya koma rana ɗaya a duk ƙasar, maimakon a yi ta jan sa makonni. Gwamnati ta ɗauki kuɗin gudanar da zaɓe, wanda a da 'yan takara ke biya, abin da ya sauƙaƙa wa jam'iyyar ma'aikata, wato Leba. Ɗan takara kuma zai ajiye fam 150, idan bai samu kashi ɗaya cikin takwas na ƙuri'u ba, kuɗinsa sun tafi.

To wa ya ci ribar wannan? Ba jam'iyyar Libaral ba, ko da yake ɗanta David Lloyd George ne Firayim Minista. Yaƙi ya riga ya raba ta gida biyu tun Disamban 1916, lokacin da Lloyd George ya haɗa kai da 'yan Konsabatif ya ture shugaban jam'iyyarsa Herbert Asquith. A zaɓen 14 ga Disamban 1918, Lloyd George da shugaban Konsabatif Bonar Law suka raba wa 'yan takarar da suke so takardar amincewa. Wanda bai samu ba ya shiga uku. Asquith kansa ya rasa kujerarsa ta East Fife da ya riƙe sama da shekara talatin.

Jam'iyyar Leba kuwa ta shigo a shirye. Yaƙi ya ƙara wa ƙungiyoyin ƙwadago mambobi da kuɗi, jagoranta Arthur Henderson ya zauna a majalisar ministoci tun 1915, ya nuna cewa ɗan ƙwadago zai iya riƙe muƙami. A 1918 suka sake tsarin jam'iyya, kowa na iya yankar kati da kansa ba sai ta hanyar ƙungiya ba, daidai lokacin da ake neman sabbin masu zaɓe. Kujerunsu 42 ne a ƙarshen 1910. A 1922 suka samu 142, suka zama babbar jam'iyyar adawa, a Janairun 1924 Ramsay MacDonald ya kafa gwamnatin Leba ta farko. Masana tarihi na gardama ko sabbin ƙuri'un ne suka ɗaga Leba ko rikicin Libaral. Amma kada a manta, Konsabatif ce ta fi kowa morewa, domin ita ta riƙe mulki mafi yawan shekarun da ke tsakanin yaƙe-yaƙen biyu.

A ganina, abin da aka cire daga dokar ya fi cutar da Libaral fiye da abin da aka sa. Kwamitin Lowther ya ba da shawarar sauya yadda ake ƙidayar ƙuri'a, ta yadda mai zaɓe zai jera 'yan takara bisa fifiko. Majalisar wakilai da ta dattawa suka yi ta jefa wa juna batun, kowace da irin tsarin da take so, daga ƙarshe aka watsar, in ban da kujerun majalisa da aka keɓe wa jami'o'i. Aka ci gaba da tsohon tsari: wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa, ko da ɗaya ce, shi ya ci. Tsarin da ya ba Libaral kujeru kusan 400 a 1906 shi ya koma yana murƙushe ta da ta zama ta uku. A 1924 kujerunta 40. A 1929 ta samu kusan rubu'in ƙuri'un ƙasa, amma kujeru 59 kacal cikin 615.