Waiwaye: Yadda Likitoci Ke Auna Tsananin Ciwon Damuwa, Da Inda Awon Ke Karkacewa

Zazzaɓi yana da abin gwajinsa, hawan jini yana da nasa, ciwon suga kuwa ɗigon jini ya wadatar. Ciwon damuwa ba shi da ko ɗaya. Idan aka kwantar da mutum a asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau ko na Kazaure, likita ne zai dube shi, ya yi masa tambayoyi, ya yanke ko ciwon mai sauƙi ne, ko matsakaici, ko ya yi tsanani. A kan wannan hukunci komai ya rataya: irin maganin da za a ba shi, ko za a sa masa ido dare da rana, da ranar sallama. Likita kuwa mutum ne, kuma tarihi ya nuna idonsa ya sha karkacewa.

Karkacewar farko ta zamanin Turawa ce. A 1953 wani likita mai suna J.C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto cewa da wuya a sami wannan ciwo a wurin ɗan Afirka. Aka daɗe ana maimaita maganar. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne, su wa ake kawowa asibitin? A Nijeriya, gidan mahaukata na Yaba da aka buɗe a 1907, da dokar mahaukata ta 1916, duk an yi su ne don tsare wanda ya addabi jama'a: mai duka, mai tsiraici a kasuwa, wanda 'yan doka suka ɗauro. Matar da ta daina cin abinci ta koma ƙuryar ɗaki ba ta dami kowa ba, don haka ba wanda ya kai ta. Carothers ya ƙirga waɗanda ke gabansa, ya yanke wa nahiya guda hukunci.

Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Nijeriya wanda ya fara tsarin jinya a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, yana cikin waɗanda suka rushe wannan magana. Shi da Alexander Leighton sun bi ƙauyukan Yarabawa suna tambayar mutane a gidajensu, kuma binciken da suka fitar a 1963 ya nuna alamomin damuwa ga su nan birjik. Margaret Field ma a Ghana ta tarar da mata masu ciwon a wuraren bokaye, suna zargin kansu da maita.

A can ƙasashen Turawa ma ba a tsira ba. Wani bincike da aka kammala a 1972 ya kwatanta asibitocin New York da na Landan, aka ga marasa lafiya masu kama ɗaya, a Amurka a ce sikizofireniya ce (taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi da ruɗewar tunani), a Ingila a ce ciwon damuwa ne. Kafin nan, a 1968, Maurice Temerlin, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya kunna wa likitoci faifan hira da wani ɗan wasa da ke kwaikwayon lafiyayyen mutum, bayan ya sa sun ji cewa wani babban masani ya ce mutumin yana da taɓin hankali. Fiye da rabin likitocin ƙwaƙwalwar suka bi maganar babba. Duk wanda ya taɓa ganin zagayen marasa lafiya, babban likita a gaba ƙanana a baya da fayil a hannu, ya san wannan bai tsaya a Amurka ba. Abin da aka fara rubutawa a fayil ranar kwanciya yakan bi mutum har sallama.

Don a rage wannan aka ƙirƙiro ma'aunai, wato jerin tambayoyi da ake ba kowace amsa maki, yawan maki ya nuna tsananin ciwon. Max Hamilton na Leeds ya fitar da nasa a 1960, tambayoyi 17 da likita ke cikewa. Aaron Beck ya kawo mai tambayoyi 21 a 1961, wanda mara lafiya ke cikewa da kansa. Na Montgomery da Asberg ya zo a 1979, sai PHQ-9, mai tambayoyi tara, a 2001. An samu ci gaba, ba shakka. Sai dai ko a kasuwar hatsi ta Dawanau, mudu ɗaya ne, amma hannun mai awo daban-daban. Shi kansa mudun Hamilton yana da gefen da ya fi zurfi: tambayoyi uku a kan barci, masu iya kai maki 6, alhali baƙin ciki maki 4 ne iyakarsa. Amitriptyline, maganin da aka fi samu da araha a nan, yana sa barci tun daren farko, amma sai ya yi makonni kafin ya taɓa damuwar. Sai maki ya sauka a takarda, mutum kuwa yana nan inda yake.

To, a kawo wannan duka ƙauyen Jigawa. Matar aure ce daga wajen Ɓaɓura, ta haihu wata huɗu da suka wuce. An yi taifot da maleriya a kemis, an sha rubutu, an yi ruƙiyya, sannan aka zo asibiti. Tana zaune bakin gado, kai a sunkuye cikin hijabi, mijinta tsaye, surukarta a kan tabarma.

"Sannu, Malama. Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Likita, ai ciwon kai ne da rashin cin abinci," in ji mijin. "Amma ba ta duka, ba ta surutai."

Idan aka matsa mata, za ta ce kanta yana zafi, ƙirjinta ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinta. Wannan ba halin ƙauye ba ne kawai. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 14, har da Ibadan, wanda aka buga a 1999, ya nuna kashi 69 cikin ɗari na masu ciwon damuwa da ciwon jiki kaɗai suka zo wa likita. Abin da ya ƙaru a nan shi ne kunya da kawaici. Ta yaya za ta ce ba ta jin daɗin komai, har jaririn, a gaban uwar mijinta? Kuma an koya mata tun tana ƙarama cewa ƙorafi rashin godiyar Allah ne. Tambayar da ta fi kowace nauyi, ko ta taɓa tunanin halaka kanta, amsarta "A'uzubillahi" ce, domin addini ya haramta, kuma sashe na 231 na dokar Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin. Da ana son a tsara hanyar da za ta hana mutum faɗin gaskiya, da wuya a tsara wadda ta fi wannan.

A ɗakin maza kuma akwai saurayi mai kuka da ƙarfi, mai buga ƙofa. Shi kowa zai ce jikinsa ya yi tsanani. A ganina kuskuren Carothers bai mutu ba, ya dai shiga cikin asibiti ne: mai hayaniya a ɗaga masa maki, mai shiru a rage. Ɗan boko da zai iya bayyana zuciyarsa dalla-dalla ya fi samun a fahimce shi a kan manomin da ya ce "sai haƙuri". Dattijon da ya yi sanyi a ce tsufa ne. Idan kuma likitan ba ya jin Hausa, tafinta, wanda sau da yawa ɗan'uwan mara lafiyar ne, zai tace maganar kafin ta isa.

Ba laifin likitoci kaɗai ba ne. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a birane suke. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta ba mara lafiya 'yancin a ji ta bakinsa, amma doka ba ta ƙara wa likita lokaci. Abin da ba ya cin kuɗi shi ne a fitar da dangi waje na ɗan lokaci a gana da mara lafiya shi kaɗai, mace ta samu ma'aikaciya mace, a maimaita awo kowane mako, a kuma saurari nas ɗin dare, wadda ita ta san wanda idonsa biyu tun kafin asuba.

Sallama ita ce wurin da na fi jin tsoro. Damina ta faɗi, gona na jira, kuɗin da aka sayar da akuya aka zo da su sun ƙare, sai dangi su fara cewa, "Likita, ai ta warware, har barci take yi." Gado ma ana buƙatarsa. Idan za a sallame ta, a ba da ranar dawowa kusa, maganin kuma ya zauna a hannun mai jinya yana ba ta na kowace rana, don amitriptyline yana da haɗari idan aka sha fiye da ƙima.