Kakanku ya rayu a Vienna, amma takarda ta ce ɗan Poland ne

Masu bin diddigin tarihin iyalan Yahudawan Vienna, babban birnin Ostiriya, sukan ci karo da takardar kaka an rubuta "ɗan Poland" ko "marar ƙasa", alhali mutumin ya shekara ashirin a birnin. Daga nan sai magana ta fara yawo: wai takardun bogi ne, wai shi ya ƙi Ostiriya da kansa, wai jikokinsa ba su da wani haƙƙi yau. Ko ɗaya ba haka ba ne.

A tsohuwar daular Ostiriya, abin dubawa shi ne garin da mutum yake da rajistar asali, wato Heimatrecht, kamar dai takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma a Najeriya. Ɗa na gadonta daga uba, mace ta bi ta mijinta. Sai a haifi yaro a Vienna, rajistarsa tana wani ƙauyen da bai taɓa takawa ba a Galisiya, wani lardi a gabashin daular.

Da daular ta wargaje a 1918, yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta ce kowa ya bi ƙasar da garin rajistarsa ya faɗa cikinta. Mutanen Galisiya suka wayi gari 'yan Poland, na lardin Bukobina 'yan Romaniya, har da dubban Yahudawan da suka gudo wa sojojin Rasha zuwa Vienna a 1914.

Sashe na 80 na yarjejeniyar ya bar ƙofa ɗaya: cikin wata 6, mutum na iya zaɓar ƙasar da yawancin jama'arta suke jinsi ɗaya da harshe ɗaya da shi. Yahudawa masu jin Jamusanci, da yawansu sun yi wa sarkin daular aikin soja, suka miƙa takardunsu na zaɓar Ostiriya. A 1921 ministan cikin gida, Leopold Waber, ya kafe cewa Bayahude ba jinsin Jamusawa ba ne komai iya Jamusancinsa, kotun harkokin mulki ma ta tsaya a kan haka. Aka yi ta watsi da buƙatunsu. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, aka lulluɓe shi da doka. In kun ga takardar ƙin amincewa a akwatin kaka, ku adana ta, shaida ce cewa ya nema aka hana shi.

Batun jikoki kuwa, tun 1 ga Satumba 2020 dokar Ostiriya ta ba zuriyar waɗanda 'yan Nazi suka tsananta wa damar karɓar zama 'yan ƙasa. Ta haɗa da kakan da yake ɗan wata ƙasar da ta fito daga daular, ko marar ƙasa, muddin a Ostiriya yake zaune kuma tsanantawar ce ta sa ya fita kafin 15 ga Mayu 1955.