Masaukin shafin kasuwanci a intanet: tambayoyin da 'yan kasuwar Kaduna suka fi yi

Duk mai haɗa wa mutane shafin intanet a garin nan ya san cewa ba wajen zanen shafin ake samun saɓani ba. Gardama tana tashi ne idan an zo kan hostin, wato kuɗin da ake biya don shafin ya zauna a wata kwamfutar da ba a kashewa dare da rana. Ga tambayoyin da masu shaguna, teloli da masu makarantun kuɗi suka fi yi mini, da amsar da nake ba su.

Na biya kuɗin haɗa shafi. Kuɗin me kuma ake nema duk shekara?

Ranka ya daɗe, abubuwa uku ne daban. Akwai shafin kansa, hotunan kaya da rubutu da farashi. Akwai sunan da mutane za su rubuta su same ka, mai ƙarewa da .com ko .com.ng. Sai kuma saba, kwamfutar da ke riƙe da shafin tana miƙa shi ga duk wanda ya nema. Na farko sau ɗaya ake biya. Suna da saba kuwa haya ce, ran da aka daina biya shafin ya ɓace. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna hannun hukumar NiRA, kuma ta hannun kamfanonin da ta amince da su ake yin rajista, da naira.

An jero mini tsari kala-kala. Wanne zan ɗauka?

Ka ɗauke shi kamar gidan haya. Tsarin tarayya shi ne ɗaki a gidan da mutane da yawa ke amfani da famfo ɗaya: ya fi araha, mai gida ke gyara, amma idan maƙwabci ya cika ɗiban ruwa kai ma za ka ji a jikinka. VPS sashenka ne mai ƙofarsa, rabonka na ƙarfin na'ura a keɓe yake, sai dai kula da shi yana wuyanka. Saba sukutum kuwa gida ne guda.

Mai sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Gumi, ko makarantar da take son iyaye su ga tsarin kuɗi da ranar komawa, tsarin tarayya ya ishe su har da saura. WordPress, manhajar da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta, tana tafiya lafiya a wannan tsarin. Ina takaicin ganin an ɗora wa ƙaramin ɗan kasuwa VPS alhali ba shi da wanda zai riƙa sabunta masa manhaja da toshe ƙofofin ɓarayi. Sai ka ga ya biya kuɗi mai yawa ya sayi rashin tsaro. Ka fara da ƙarami. Idan ciniki ya buɗe har shafin ya soma nauyi lokacin sallah, ɗagawa zuwa babba ba ya wuce aikin yini.

Akwai kuma manyan kamfanonin hayar saba na waje, su AWS da DigitalOcean, inda ake biya gwargwadon abin da aka ci. Suna da ƙarfi ƙwarai, amma da dala ake lissafi, kuma sai da masani a kusa.

Kamfanin gida ko na waje?

Nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi. A watan Yunin 2023, da Babban Banki ya saki farashin naira, dala tana wajen 460 a hukumance. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda yake biyan kamfanin Amurka bai ƙara ko hoto ɗaya a shafinsa ba, amma kuɗin hayarsa ya ninka uku. Kafin nan ma, a 2022, bankuna da dama sun taƙaita ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, mutane suka koma neman wanda zai biya musu. Kamfanonin gida su ma sun ƙara kuɗi, tunda yawancin kayan aikinsu da dala suke saye, amma aƙalla za ka tura naira daga wayarka, ka kuma kira mutum a lokacin aikin Najeriya.

Sai dai a sani, kamfani ya zama na Legas ba ya nufin sabarsa tana Legas. Da yawa haya suke yi a Turai ko Amurka su sayar mana. Wannan ba laifi ba ne, amma ka tambaya a gaya maka gaskiya. Muhimmancin hakan ya fito fili ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har hada-hadar bankuna ta tsaya cak a wurare da yawa. Sabar da ke cikin ƙasa, a cibiyoyin ajiye saba irin su Rack Centre ta Legas, wadda ke haɗe da IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na Najeriya ke musayar saƙo a cikinta, saƙo ba sai ya tsallaka teku ya dawo ba. Idan masu sayenka 'yan Kawo ne da Zariya da Kano, kusancin yana da amfani. Idan kuwa citta kake nema wa masu saye a Indiya ko Dubai, sabar waje ba za ta cuce ka ba.

Sun ce ba iyaka, kuma shafin ba ya sauka. Gaskiya ne?

Babu saba marar iyaka. Iyakar tana cikin ƙananan rubutun sharuɗɗa: adadin fayil, ƙarfin na'ura, yawan saƙon imel a awa. Shi kuma alƙawarin cewa shafin zai riƙa aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, idan ka buga lissafi, shafin zai iya sauka kusan awa 9 a shekara ba a saɓa alƙawari ba. Kashi 99 kuwa ya haura kwana 3 da rabi. Abin da ya fi wannan cizo shi ne farashin talla. Kuɗin shekarar farko daban, na sabuntawa daban. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka na shekara ta biyu.

Yaron da ya haɗa mini shafin ya ce komai yana hannunsa, kada in damu.

Hajiya, nan ne kawai nake so ki damu. Na ga mai turaren wuta da humra da ta buga sunan shafinta a kwalabe, a leda, har a allon ƙofar shago. Wanda ya haɗa mata ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa. Ya bar gari, lambarsa ta daina shiga, saƙonnin tunatarwa suna ta zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Wata safiya ta danna sunan, sai farin shafi da rubutun Turanci cewa wa'adi ya ƙare, ga katan-katan na kwalabe masu ɗauke da sunan a bayan kanta. Ba lalle mugunta ya yi ba, amma asarar tata ce.

Sunan .com idan wa'adinsa ya cika, akan ba da ɗan lokaci, sannan kwana 30 na fansa da tara mai tsada, daga nan a sake shi kowa ya saya. Don haka a buɗe asusun da sunanki ko na kamfaninki kamar yadda yake a takardar CAC, da imel ɗinki da lambar wayarki. Ki karɓi kalmar sirri ta wurin rajistar suna, ta cPanel, wato wurin da ake sarrafa hostin, da ta babban asusun da ake gudanar da shafin da shi, ki rubuta su ki adana inda kike ajiye takardun shago. Mai aiki a buɗe masa tasa ƙofar daban. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, sauƙi ma kika yi masa.

Mene ne ɗan kwaɗon nan da ke gefen suna?

Shaidar SSL ce, tana rufe abin da ke wucewa tsakanin mai saye da shafinka. Tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta, kuma kamfanin kirki yana sabunta ta da kansa. Idan za ka karɓi kuɗi, ka haɗa da kamfanin karɓar kuɗi ta intanet irin Paystack ko Flutterwave, kada lambar katin kowa ta zauna a shafinka. Sunaye da lambobin wayar masu saye amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka.

In ajiye kwamfutar a shagona mana, in huta da haya?

A'a. Wuta da sabis ɗinmu ba za su ɗauka ba, kuɗin man janareta na wata ɗaya ma ya fi hayar shekara.

Sun ce suna ajiye kwafi. Ya isa?

Bai isa ba. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin hostin na OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu sun rasa komai saboda kwafinsu yana wuri ɗaya da na asali. Ka tambaya sau nawa suke ɗauka, kwana nawa suke riƙewa, kuma ko maido da shi sai an biya. Kai ma duk ƙarshen wata ka sauke naka kwafin ka sa a Google Drive ko filashi.

To yaya zan gwada kamfani kafin in ba su kuɗina?

Ka tura musu tambaya da daddare ko ranar Lahadi, ka ga yaushe za su amsa, kuma ko mutum ne ya karanta. Ka nemi sunan wani shafin da ke kansu, ka buɗe shi a wayarka da datarka, a cikin kasuwa inda sabis ke wahala, domin a nan masu sayenka suke. Ka tambaye su kai tsaye: idan na so tashi, za ku ba ni lambar mayar da sunan shafina wani kamfani da cikakken kwafina ba ja-in-ja? Idan amsar ta gamsar da kai, ka biya wata uku ko shekara ɗaya tukuna, ka sa ranar sabuntawa a kalandar wayarka da tazarar wata guda.