Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya

Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda ake yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya, ƙungiya ce da ɗalibai suka kafa a 1958 a sashen koyar da zane na kwalejin fasaha da kimiyya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cikin 'yan ƙungiyar akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da Simon Okeke.

A wancan zamani yawancin malaman sashen Turawa ne, manhajar kuma irin ta Ingila ce. Ɗalibi zai zauna gaban mutum ko tulu da fensir a hannu, ya auna tsawo da faɗi, ya bi haske da inuwa har zanen ya fito kamar abin da yake kallo. Wannan horo ya gyara musu hannu ƙwarai, kuma ba su raina shi ba. Abin da ya ci musu tuwo a ƙwarya shi ne babu mai tambayar abin da suka taso suna gani a gida, sai ka ce sassaƙa da rini da adon bango ba ilimi ba ne.

Sai suka riƙa haɗuwa bayan darasi suna muhawara, kowa kuma ya waiwayi fasahar mutanensa. Manufarsu, kamar yadda Uche Okeke ya tsara ta, ita ce a narkar da dabarun Turawa da hikimar gida su zama abu guda, ba a koma kwaikwayon kakanni kawai ba. A nan ne darajar ƙungiyar take: ɗalibin da ya riƙe gado biyu dole ya zaɓa, ya gwada, ya watsar, kuma daga nan sabon tunani ke fitowa.

Uche Okeke ya rungumi uli, zanen layi da matan Igbo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Onobrakpeya ya kai tatsuniyoyin Urhobo cikin bugun zane, wato buga hoto a takarda daga allon da aka sassaƙa. Grillo ya yi suna da shuɗin launi a hotunan rayuwar Legas, Nwoko kuwa ya karkata ga gine-gine.

Ƙungiyar ta watse a 1961, amma 'ya'yanta sun zama malamai. Grillo ya daɗe yana jagorantar koyar da zane a Kwalejin Fasaha ta Yaba. Uche Okeke ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a farkon shekarun 1970, inda ya sa uli ya shiga aji a matsayin abin nazari.