Nuna Bambanci a Koyarwar Kirista

Nuna bambanci, a koyarwar Kirista, shi ne yanke wa mutum hukunci bisa ƙabilarsa, harshensa ko abin hannunsa tun kafin a san halinsa. Yana cikin zunuban da suka fi wuyar ganewa, domin galibi gadonsa ake yi a gida da unguwa, har mai bi ya ɗauka cewa ra'ayin da ya tashi da shi wani sashe ne na bangaskiyarsa.

Sabon Alkawari bai ɓoye cewa manzanni ma sun yi fama da shi ba. A Ayyukan Manzanni sura 10, sai da Bitrus ya ga wahayi a Yafa kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma da ke Kaisariya wanda ba Bayahude ba ne, inda ya shaida cewa Allah ba ya fifita wata al'umma a kan wata. Duk da haka, da wasu suka zo Antakiya daga Urushalima, Bitrus ɗin nan ya janye daga cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba, har Bulus ya tsauta masa a bainar jama'a, kamar yadda yake a Galatiyawa sura 2. Wannan labari yana da nauyi ƙwarai, domin ya nuna cewa mutum kan gane gaskiya, amma tsoron idon 'yan'uwa ya mayar da shi gidan jiya.

A tarihin ikkilisiya an sha fakewa da nassi don kare wariya. An yi amfani da Farawa sura 9 wajen halatta bautar da baƙar fata, da hujjar wai Nuhu ya la'anci ɗansa Ham wanda aka ɗauka shi ne kakan baƙar fata, alhali la'anar Nuhu a kan Kan'ana ɗan Ham ta faɗa. A 1982, taron duniya na ikkilisiyoyin Reformed, wani reshe na Furotesta, a Ottawa ya ayyana goyon bayan wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu a matsayin karkatacciyar koyarwa. Nijeriya ma ta ɗanɗana nata: Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka naɗa bishop a 1864, ya ga matasan mishan Turawa sun dakatar da limamansa a 1890, ya rasu a Legas a 1891, aka kuma ɗora Bature a gurbinsa.

Kiristoci masu jin Hausa a Legas, waɗanda da yawansu suka fito daga Kudancin Kaduna, Filato, Bauchi, Gombe da Adamawa, sun san wannan ciwo ta fuska biyu. A Agege ko kasuwar Mile 12, wani ɗan'uwansu Kirista kan kira su "aboki" cikin raini, yana zaton duk mai jin Hausa Musulmi ne. Su kuma wasunsu sun taho da mugun zato game da Yarabawa, Ibo, ko maƙwabcinsu Bahaushe Musulmi wanda suke ciniki da shi kullum.

Hanyar rabuwa da wannan hali, yadda ikkilisiyoyi ke koyarwa, takan fara da binciken zuciya kafin Jibin Ubangiji, inda mai bi zai tambayi kansa daga ina ya samo ra'ayinsa, daga nassi ne ko daga hirar gida. Sai furta zunubi, da neman gafarar wanda aka raina, da zama a ci tuwo a kwano ɗaya. Inda abin ya fi tsauri shi ne zaɓen dattawan ikkilisiya da maganar aure, musamman idan 'yar gida ta kawo manemi mai bi daga wata ƙabila.