Ƙwayoyin Sirotonin na Gindin Ƙwaƙwalwa da Danne Raɗaɗi

A gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka, akwai tarin ƙwayoyin jijiya masu fitar da sinadarin sirotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da su. Annica Dahlström da Kjell Fuxe, masana daga ƙasar Suwidin, su suka zana taswirarsu a 1964, suka kasa su rukuni tara. Wanda ya fi shafar ciwo shi ne na uku, da ake kira rafe magnus. Dogayen zaruruwansa suna gangarawa cikin laka har zuwa mashigar da saƙon ciwo daga fata da gaɓoɓi yake fara sauka, a nan suke rage masa kaifi tun bai kai sama ba. Da irin wannan hanya ne mutum kan ji mummunan rauni a tsakiyar gudun ceton rai, amma zugin bai taso masa ba sai ya tsira.

Gwajin da ya buɗe wannan fage abin mamaki ne. A 1969 David Reynolds ya dasa siririyar waya a tsakiyar ƙwaƙwalwar ɓera, ya sakar mata lantarki kaɗan, sannan aka yi wa ɓeran tiyata a ciki ba tare da maganin barci ba. Idonsa biyu, amma bai nuna alamar zafi ba. Daga baya Allan Basbaum da Howard Fields a Amurka suka nuna cewa umarnin wannan wuri ta yankin rafe magnus yake bi, kuma idan aka yanke hanyar da ke saukowa cikin laka, sauƙin yakan gushe. Mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, shi ma da wannan hanya yake yin wani ɓangare na aikinsa.

Sai dai sirotonin takobi ne mai kaifi biyu, kuma nan ne aka fi yi masa gurguwar fahimta. Ƙwayoyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na ƙwayoyin yankin rafe magnus, binciken Peggy Mason kuma ya nuna ba su ne ƙwayoyin kunnawa da kashewa da Fields ya bayyana ba, wato masu ƙara saƙon ciwo da masu toshe shi. A laka, sakamakon ya danganta da makarɓin da sirotonin ya samu, wato wurin da yake maƙalewa a jikin ƙwayar jijiya: 5-HT1A da 5-HT7 galibi suna kwantar da zafi, 5-HT3 kuwa yana iya rura shi, musamman bayan jijiya ta lalace. Ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na iya samun gindin zama ta haka.

Shi ya sa magungunan da ke ɗaga sirotonin shi kaɗai ba su cika maganin ciwo ba, alhali amitiriftilin da duloksetin, masu ɗaga shi tare da noradirenalin, wani sinadarin aika saƙo irinsa, suna taimaka wa masu zugin ƙafa na ciwon suga. Tiramol, wanda shansa barkatai ya addabi matasa a Arewa da Nijar, shi ma yana taɓa wannan hanya, kuma idan aka zarce ƙima yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.